Karar da Muka Yi wa Inna Uwani

A takardun ƙungiyar agajin da muke wa aiki, sunanta Uwani Aliyu, ma'aikaciyar jinya. A bakin iyayen yara Sista ce. Mu kuwa da muka yi aiki da ita Inna muke ce mata, kuma ba wanda ya umarce mu. Ni Wasila, shekara shida na yi tare da ita a ɗakin kula da yara masu tamowa, uku a Bungudu, uku a Tsafe, kuma ni ce na sa hannu a takardar da ta raba ta da aikinta. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada in yi ta yabonta ku ɗauka ni ma mutuniyar kirki ce.

'Yar garin Rawayya ce. Mahaifinta manomi ne mai gero da dawa da 'yan tumaki, bai taɓa tunanin zai haifi ma'aikaciyar asibiti ba. Ita ta ba ni labari cewa tana 'yar shekara tara ta raka mahaifiyarta asibiti a Gusau, wata mai farin kaya ta yi wa tsohuwar tsawa a gaban mutane don ba ta san inda ake bin layi ba. Tun a motar komawa gida ta yi alkawarin sai ta sa farin kayan nan, kuma ba za ta yi wa kowa tsawa ba. Rabin alkawarin ta cika. Ban taɓa jin ta ɗaga wa majinyaci murya ba, mu ma'aikata ta tara wa.

Ta yi shekara ashirin da wani abu a asibitin gwamnati. Mijinta Malam Hamidu, malamin firamare, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, ta rene su har suka zama magidanta. Da rashin tsaro ya fara koro mutane daga ƙauyuka, mata suna shigowa gari da yara kamar tsinke a goye, sai ta ajiye aikin gwamnati ta shiga ƙungiyar agaji. Wasu suka ce albashi ta biyo. Ta ce su ce, ai baki nasu ne.

Ranar da na fara aiki a Bungudu na zo da takardar shaidata da girman kaina. Aka kawo wani yaro ido ya faɗa, fata ta yamushe, in ka ja ba ta komawa. Abin da aka koya mini ke nan: wannan rashin ruwa ne, a sa masa ƙarin ruwa. Har na kama jijiya, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Mi za ki yi?" in ji ta.

Na ce, "Ruwa zan sa masa, Sista. Ba ki ga ya bushe ba?"

"Na gani. Wanga ba bushewa ba ce, yunwa ce. Zuciyarshi ba ta fi ta ɗan tsako ƙarfi ba. Kina sa mashi ruwa a jijiya, kin nutsar da shi yana kwance bisa gado. Ajiye, ɗauko cokali."

Raina ya ɓaci, don a gaban uwar yaron ta faɗa. Amma na ɗauko cokalin. Awa biyu muka yi muna ba shi ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, kaɗan kaɗan. Yaron ya tashi. Ni kuma kwana uku ban gaishe ta da kyau ba, ita ko a jikinta.

A wurinta na koyi cewa aikin nan duka haƙuri ne. Yaron da yunwa ta ci ba a cika masa ciki don tausayi. Akwai madara iri biyu. Ta farko, mai lamba saba'in da biyar, tsararo ce, ita ake ba sabon zuwa duk bayan awa uku har cikinsa ya tuna aikinsa. Ta biyu, mai lamba ɗari, mai nauyi ce, sai yaro ya fara warwarewa. Wanda ya ba sabon zuwa ta biyu yana iya kashe shi da alheri. Inna takan sa mu maimaita wannan kamar karatun allo.

Iyayen yaran kuwa, ita kaɗai ta iya da su. Mace za ta kwana huɗu, ta ga ɗanta ya fara buɗe ido, sai ta ɗaure kayanta za ta gudu, don ta bar wasu huɗu a gida ga kuma girbi. Mu mukan yi ta faɗa. Inna sai ta cire takalmi ta zauna a tabarma kusa da ita, ta tambayi sunayen na gidan ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wa ke dafa musu. In Bafulatana ce ta jefa mata ɗan Fillancin da ta tsinta, gurgun Fillanci mai sa su dariya. Kafin ka ankara matar ta kwance ƙullin kayanta.

Da aka mayar da mu Tsafe, motar ƙungiya kan ɗauke mu daga Gusau ranar Litinin da safe ta dawo da mu Juma'a, kuma doka ce ba a bin hanyar bayan la'asar. Saboda haka ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita da Sa'adiya, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Mada mai sanyin hali. Tukunya ɗaya muke ci. Na huɗunmu Rabi'u ne, shi ma ma'aikacin jinya, yana kwana a ɗakin direbobi amma cikinsa a wurinmu yake. Da na haihu, mahaifiyata ta riga ta rasu, Inna ce ta ɗauki hutunta na shekara ta zo ta zauna mini. Ita ta tsaya a kan surukata har aka sirka ruwan wankan jego, aka kuma rage kanwar kunu, abin da ni ko giyar wake na sha ba zan iya faɗa ba. Ta yaya za ka ci gaba da kiran irin wannan mata Sista?

Da shugabar ɗakinmu ta koma Gusau, Inna aka fara yi wa tayin kujerar. Ta ce ita da kwamfuta sai kallo, a ba Wasila, bakinta ya isa. Haka na zama shugabar matar da ta koya mini riƙe cokali. Ba ta taɓa sa na ji nauyin abin ba. In na ba da umarni a gaban mutane takan ce "To, Sista," in muka koma ɗaki ta aike ni ɗebo ruwa.

A shekararmu ta biyu a Tsafe na fara lura. Za ta ɗaga katin yaro ta kai shi bakin taga, ta karkatar da kai gefe kamar kaza na kallon shaho. Ta canza tabarau sau biyu. Wata rana na ajiye mata kofin shayi a gefen damanta, ta yi ta lalube a gabanta. Wata rana kuma ta yi karo da ƙarfen rataye ruwa, ta ce wa ya ajiye shi a hanya, alhali nan yake tun da aka buɗe ɗakin.

Na san me nake gani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba sai an faɗa mini ba. Amma ta ina zan fara? In ce wa Inna idonki ya tafi? Na san in maganar ta kai ofis za a tura ta gwaji, in gwaji ya tabbatar, ta bar ɗakin nan ke nan. Kuma na san abin da ɗakin yake a wurinta. Takan ce ranar Asabar da Lahadi ne kwanakin da suka fi mata tsawo.

Sai na yi abin da aka tarbiyyantar da mu a kai, na yi mata kara. Na ce daga yau ni zan riƙa cika katunan yara, wai ofis na son rubutu iri ɗaya. Na sauya jadawali na mayar da ita ɗakin haɗa madara da zama da iyaye, wai nan aka fi bukatar mai haƙuri. A raina na ce madara ai ba allura ba ce, mudu ne da ruwan ɗumi, hannunta ya san su ko a mafarki. Ta dube ni ta ce, "To, Sista." Na yi zaton ni kaɗai na sani, har ina jin daɗin wayona.

Ranar wata Talata aka ce manya za su zo daga Gusau duba ɗakinmu. Na tashi da zafin nama na sa aka wanke ko'ina. Da hannuna na sauke gwangwanayen madara daga kantar ajiya, na goge, na sake jera su, manyan lambobi suna kallon waje don baƙi su ga tsari. Gwangwanayen girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya. Ban san cewa Inna ta daina karanta lamba ba tun tuni. Ta farko a hannun dama take ajiyewa, ta biyu a hagu, da haka take gane su. Ni kuwa na juya su.

Washegari da safe akwai wata yarinya, Juwairiyya, 'yar wata goma sha huɗu, kwananta biyu da zuwa. Uwarta Mairo Bafulatana ce da aka kore musu shanu, ta tako da ita a ƙafa daga wata ruga. Yarinyar ta kumbura har fatar ƙafarta na tsagewa. Ita kaɗai ce a kan madarar farko a ranar. Ta sha ta ƙarfe shida, ta sha ta tara. Wajen sha ɗaya ina teburina sai na ga Inna ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ta juya kunne.

"Wace ce ke numfashi haka?"

Ba wanda ya ji komai sai ita. Ta nufi gadon Juwairiyya, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta, ta shafa cikin da ya yi tauri. Sannan ta ce wa Mairo ta miƙo kofin. Akwai ɗan saura a gindinsa. Ta dangwala da yatsa ta kai harshe. Na ga fuskarta ta sauya, ban taɓa ganin ta haka ba ko ranar da aka yi harbi kusa da mu.

"Wasila, kira likita. Ta biyu na ba ta, har sau biyu."

Abin da ya biyo baya aiki ne, kuma mun yi shi. Aka tsayar da madara, aka sa mata iskar numfashi, likita ya ba da abin da zai ba. Kafin azahar motar asibiti ta ɗauke ta zuwa Gusau, Rabi'u a gefenta. Da yamma ya bugo waya ya ce numfashin ya fara sauka. Ta rayu, alhamdulillahi. Bayan sati uku Mairo ta goya abarta ta tafi. Amma a ranar Larabar nan ba mu san haka ba tukuna.

Dokar ƙungiya ce, duk kuskuren da ya taɓa majinyaci sai an rubuta rahotonsa kafin kwana ɗaya, shugaban ɗaki ya sa hannu. Alhamis da hantsi, Rabi'u ya dawo, na kira shi da Sa'adiya ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke bayan ɗaki. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Akwai abin da ban faɗa muku ba game da idon Inna."

Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Wata takwas ke nan ni nake karanta mata ma'aunin zafi. Nakan ce mata ina so in gwada ko na iya."

Rabi'u ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Ni kuma duk allurar da za ta yi ni nake zuƙa mata a sirinji. Na ce mata hannuna na ƙaiƙayi in ban yi ba."

Muka tsaya muna kallon juna. Mutum uku, kowa da takardar shaida, tukunya ɗaya muke ci, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda don kada a ji kunyar Inna. Da ɗayanmu ya buɗe baki, da ban taɓa kantar nan ba. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan zaga, don duk wanda na zaga ni ce a gabansa.

Duk da haka ba mu daddara ba. Muka shirya cewa a rubuta an sauya wa gwangwanaye wuri lokacin shara, shi ya jawo kuskure. Ai ba ƙarya ba ce. Na rubuta, na sa sunana a matsayin wadda ta sauya, na ji har na yi jarumta.

Ina shirin sa hannu Inna ta shigo ofis ta jawo kujera.

"Karanta mani abin da kinka rubuta."

Na karanta. Ta ce, "Saura."

"Shi ke nan, Inna."

"In an sauya wa gwangwani wuri, mai ido ba sai ya karanta lamba ba? Wanda zai karanta takardar ga a Gusau ba wawa ba ne. In ma wawa ne, ni ba ni ba ce. Ɗauki biro."

Na ce, "Inna, kin san abin da za su yi."

"Na sani tun kafin ki sani. Kuna tsammani ban gane ba? Sa'adiya da ta shekara biyar tana aiki ita ce ba ta iya ma'aunin zafi ba? Na gane, na ji daɗi, na yi shiru, don ban son tahiya gida. Laihina ya hi naku. Jiya na ɗora hannu bisa ƙirjin ɗiyar mutane, matar da ba ta da sauran komi a duniya sai ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta."

Ta yi mini shifta, ina rubutawa: Ma'aikaciyar da ta haɗa madarar ba ta iya karanta lambar gwangwani. Ta san da haka fiye da shekara, ba ta sanar ba. Da na zo nan na ƙara da kaina cewa shugabar ɗaki ma ta sani. Ta ce in karanta mata, na karanta har da ƙarin. Ta ce, "Wannan ke kinka sa, ba ni ba." Na ce na ji. Na sa hannu. Ta ce in nuna mata inda za ta sa nata, na kama yatsanta na ɗora a kan layin.

Gwajin da aka yi mata a Gusau ya nuna hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe. Likitan ido ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura, kuma da an zo da wuri da sauran ya fi haka. Wannan maganar ta daɗe tana ci na. Ƙungiya ba ta wulaƙanta ta ba, an sallame ta da mutunci, ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancanta. Aka yi 'yar walima da lemo da biskit. Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Rawayya.

Daga nan sai na kasa zuwa. Sa'adiya ta je, Rabi'u ya je har sau biyu, kowa ya dawo ya ce tana tambayata. Ni kuwa kullum da dalili: yaro ba lafiya, hanya ba kyau, aiki ya yi yawa. Rawayya da Gusau tafiyar da ba ta kai awa ba. Gaskiyar ita ce ina jin tsoron in same ta zaune a ƙofar ɗaki ba abin yi, in san hannuna ne. Ko waya na daina ɗauka in na ga sunanta, sai in aika gaisuwa ta bakin Sa'adiya. Wata uku na yi a haka.

Wata Asabar bayan an yi girbi mijina ya gaji da ganin fuskata, ya ce in shirya ya kai ni. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana ɓare gyaɗa a faranti, jikokinta na wasa a gefe. Ta rame kaɗan. Na yi sallama murya ƙasa-ƙasa.

Ba ta ɗago ba. Ta amsa, sannan ta ce, "Shugaba ce da kanta?"

Na durƙusa na gaishe ta. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ce, "Inna, ki yafe mini takardar nan."

"Wace takarda? Wadda na yi maki shifta?" Ta ture farantin gefe. "Takarda aiki ce, kuma kin yi shi daidai, ko da yake sai da anka matsa maki. Ban taɓa riƙe ki da ita ba ko na minti ɗaya. Amma wata ukun ga da ba ki zo ba, wannan ba ƙungiya ta sa ki ba. Wannan naki ne. Shi ya yi mani ciwo, Wasila. Na zaci aikin ne kawai ya haɗa mu, da ya ƙare kin ƙare."

Na fashe da kuka kamar yarinya, a gaban jikokinta. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta rarrashe ni ba. Da na lafa sai ta laluba cikin ɗan kwandon da ke gefenta ta ciro wata 'yar kwalba.

"Share hancinki ki wanke hannu, lokacin maganina ya yi. Shekara talatin ina ɗiga wa ɗiyan mutane magani a ido, nawa ya gagare ni, rabi a kunci yake ƙarewa. Matar ɗana kuma hannunta rawa yake, tsoron idona take ji."

Na wanke hannu da sabulu na dawo na zauna. Ta juya a hankali ta kwanta, ta ɗora kanta a cinyata. Ban san furfurarta ta yi yawa haka ba, kullum a cikin ɗankwali take. Na ja fatar idon ƙasa da yatsa, na ɗiga ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na danne mata gefen hanci. Ta lumshe ido.

Na ce, "An gama, Inna."

Ta ce, "Na sani. Bar ni nan tukuna."